Wutsiyar da Na Manna a Baibai

Mahaifinmu makaniken jirgin sama ne. Daga Zariya ya zo Kano yana saurayi, ya ƙarar da ƙarfinsa a ƙarƙashin jirage, da ya yi ritaya kuma ya zauna a tsohon gidanmu na Nassarawa GRA, mai dogon baranda da mangwaro a tsakar gida. A wurinsa ni da ƙanena muka gaji son jirgi, sai dai ba wanda ya bi sana'ar. Ni malamin makaranta ne a Hotoro, shi kuma gyaran janareta yake yi a Gama. Abin da ya rage mana shi ne ƙananan jiragen yaƙi na roba da muke haɗawa, ga mu da furfura.

Duk ranar Lahadi in an taso daga coci a gidan Baba muke cin abinci. Da an kwashe kwanuka, wanda ya gama jirgi sai ya ɗora masa a cinya. A lokacin idanunsa sun riga sun yi yana, inuwar mutum kawai yake gani, don haka da yatsu yake dubawa. Ya fara daga hanci, ya bi ta kan fiffike, ya tura ɗan yatsa cikin bakin inji, ya ƙare a wutsiya.

Nawa jiragen na gaskiya ne, waɗanda aka taɓa ƙerawa suka tashi. A kwali nake sayen su, in bi takarda layi-layi, in auna, in goge, in jira fenti ya bushe kafin in ƙara wani. Jirgi ɗaya yakan ci mini wata uku. Baba kuwa ko shayinsa bai huce ba ya gama da shi.

"Haka yake," zai ce. "Daidai ne." Ya miƙo mini abina.

Ƙanena ba ya sayen kwali. Ragowar nawa yake kwashewa, ya haɗa da murfin biro da guntun bututu da abin da ya tsinta a shagonsa, ya fito da jirgin da duniya ba ta taɓa gani ba. Kowanne kuma da tarihinsa na ƙarya. Wai da a ce kuɗin gyaɗa na wancan zamani an zuba su a masana'antar jirgi a Bompai, to ga abin da mutanen Kano za su ƙera. Akwai wanda ya sa wa suna Shirwa, wai a kan titin Haɗeja take sauka in maƙiya sun lalata filin jirgi. Akwai wani mai inji a gadon baya, wai don kada ya shaƙi yashi. Gam duk ya ɓata jikinsu, fentin ma da ganinsa ka san da gaggawa aka shafa.

Amma da Baba ya ɗora hannu a kan irin wannan, sai ka ga ya gyara zama.

"Kai, ina tankin mai?"

"A cikin fiffike, Baba."

"Fiffike siriri haka? Wannan ko Wudil ba zai kai ba."

Daga nan gardama ta tashi ke nan. Ƙanena ya kawo wata ƙaryar ya toshe ta farko, Baba ya rushe ta, ya yi dariya har ya sarƙe. A tsakiyar haka yakan faɗo labaran wurin aikinsa da ni, babban ɗansa, ban taɓa ji ba. Sai rana ta yi sanyi suna abu ɗaya, ni kuwa ina gefe riƙe da jirgina marar aibi.

Kishi nake yi, ba wani suna da zan ba shi. Mutum da iyalinsa, ɗalibai na miƙewa in ya shiga aji, amma yana ƙirga tsawon hirar da ubansa ke yi da ƙanensa. Ba yabo nake nema ba, yabon ai ina samu. So nake Baba ya riƙe ni da magana yadda yake riƙe shi, tun da sauran lokaci, don ina ganin yadda jikinsa ke ja baya.

Matata ta ce in ƙirƙiro nawa mana. Na gwada. Duk abin da na zana sai ya koma wani jirgin da na sani, hannuna ya ƙi yin ƙarya. Sai wata dabara ta zo mini. Na lura aibi ne ke tsayar da yatsun Baba. To ni ma zan ba shi aibi. Ina da jirgi da ya kusa ƙarewa, sai na ɗauki ƙananan fukafukan wutsiyarsa guda biyu na manna su a baibai, gaba ta koma baya. Ban taɓa yin aikin da ya ba ni wuya irin wannan ba. Har amsa na tanada: zan ce don ya riƙa juyawa da sauri ne.

Ranar Lahadin ƙanena bai zo da komai ba, na ji daɗi a raina. Na ɗora wa Baba jirgin. Yatsunsa suka bi hanci, suka bi fiffike, suka isa wutsiya suka tsaya. Ya koma baya, ya sake biyowa, suka sake tsayawa. Na matso da kujerata.

Sai ya juya kai wajen da ƙanena yake.

"Me ya kai hannunka kan jirgin yayanka?"

"Ni, Baba? Yau na fara ganinsa."

"Ni ne, Baba," na ce. "Ni na manna shi haka."

Ya ɗaga mini hannu. "Kai ba ka kuskure. Daina rufa masa asiri." Ya sake fuskantar ƙanena. "To, tunda ka juya, faɗa mini yadda zai tashi."

Ƙanena ya dubi wutsiyar, ya dube ni. Na ga ya gane abin da na yi da dalilin da ya sa na yi, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ya yi mini nuni da ido, kamar yana ba ni hanya in shiga. Na buɗe baki, amsar da na tanada ta maƙale. Baba yana jira, yana buga yatsa a kan fiffike. Sai ƙanena ya ja kujerarsa kusa, ya ce, "Ai Baba, wannan an yi shi ne don sauka a gajeren fili."

"Ƙarya kake," in ji Baba, fuskarsa cike da murna.

Suka yi ta yi har yamma. Da na tashi tafiya na miƙa hannu zan karɓi abina, Baba ya ce in bar shi, bai gama da shi ba. Shi ne jirgina ɗaya tilo da ya taɓa zama a gidan. Har Baba ya rasu yana kan teburin falo, kuma duk baƙon da ya tambaya sai ya ce masa aikin ƙaramin ne.