Koren Kwanon Maƙwabciyata

Shekarar da council, wato hukumar birni, ta rufe ɗakin karatun unguwarmu a Longsight, ƙawata ɗaya ce tak a duk Manchester: maƙwabciyata, wata dattijuwa daga wani ƙaramin tsibiri a tekun Indiya. Kwano ne ya haɗa mu. Wata rana ta miƙo min wani koren kwano mai murfi ta katangar bayan gida, cike da shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa. Ni kuwa a gidanmu ba a mayar da kwano ba komai, sai na zuba waina na mayar. Shekara huɗu kwanon nan yana tsallaka katanga.

Tsibirinsu yana ƙarƙashin wata ƙasar Turai. Tun tana budurwa suke fafutuka a mai da shi cikakkiyar jiha kamar sauran jihohin ƙasar, har mahaifiyarta ta rasu ba ta ga ranar ba. Da abin ya tabbata, mutanensu suka shirya biki a Birmingham, ta ce ƙafarta ƙafata.

Muka isa unguwar Small Heath, inda ake bikin, da hantsi. Zauren da suka kama ya yi musu kaɗan, taro ya malalo har bakin titi. Mata sun shafe fuska da wani farin kwaɓi mai ƙamshi, suna buga 'yan sanduna bibbiyu suna waƙa. Direbobin bas na danna musu ham. Wani tsoho ya rungume tuta yana kuka ba kunya.

Bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Anti, mu ma can gida an ba mu jiha ina 'yar makaranta. Na yi rawa har takalmina ya tsinke. Har yau a jarka ake kawo mana ruwa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai a mota, muna hanyar komawa, ta dafa gwiwata.

"Ƙanwata, na yi wa mahaifiyata alkawari. Ranar da aka ba mu, zan koma gida."

Na ce Allah ya sanya alheri, na juya ina kallon taga. Gaskiya haushi na ji. Ashe rawar tafiyarta na wuni ina yi wa tafi.

Ba ta ƙara wata uku ba. Ranar tafiyar da safe na ji ana ƙwanƙwasa katanga. Kwanon ne, da zafinsa. Na ce ta dakata in juye, ko dabino ne in zuba mata.

Ta ce, "A'a. Idan kin cika shi, ki kawo min da kanki."

Yana nan a saman firij ɗina. Yara sun san ba a taɓa shi. Duk ranar da na soya waina, sai na tsinci kaina na ware guda shida a gefe.