Anon Atis, Mawaƙi Mai Kaset Ɗari Shida

Duk manomin shinkafar da injin ban-ruwansa ya taɓa shaƙewa a Gashua ya san Mu'awiya. Shekararsa arba'in da ɗaya, inji dubu biyu da ɗari uku ya gyara, yana kuma iya gaya maka nawa ne suka dawo: goma sha bakwai. Mutum ne da ba ya zama. Ko shayi a tsaye yake sha.

Mahaifinsa ya rasu ya bar masa kaset ɗari shida da goma sha huɗu, duk na bukukuwan Nguru, don tsohon ba ya zuwa biki sai da rakodarsa a hammata. Wata goma sha tara Mu'awiya ya yi yana juye su cikin wata tsohuwar kwamfuta mai fasasshen gilashi. Ya ɗora mata babbar manhajar Linux, sau shida tana ƙi, a na bakwai ta yarda. Ya sa mata manhajar da ke aika waƙa zuwa waya, ya jona ta da sola, ya ɗora ta kan murfin randa don kada zafi ya kashe ta. Wayoyin dangi ashirin da uku ya haɗa, har da ta ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Falmata, a Nguru.

Abu ɗaya ya manta. Bai rubuta sunan kowa ba. Manhajar kuwa ta lafta wa kowace waƙa suna ɗaya da Turanci, Unknown Artist, wato ba a san mawaƙin ba.

Maƙwabciyar Gwaggo, Ikilima, ita ta fara karantawa. Ta ce sunan mawaƙin Anon Atis.

Cikin kwana tara sunan ya zaga. Mutum ɗaya da kaset ɗari shida! Yana Barbarci, yana Badanci, yana Fillanci, ya yi muryar maza, ya juya ya yi ta mata, wani sa'in har ya yi wa kansa guɗa. Wani ya ce ɗan Yusufari ne. Wani ya rantse sun ci gasasshen kifi tare a kasuwar Dapchi, dogo ne, ba ya son yaji. Abdulganiyu tela ya zo har shagon Mu'awiya yana neman lambarsa, zai aurar da ƙaninsa.

Mu'awiya na ta dariya, sai ga kiran Gwaggo.

"Kai, ɗan nan, ina ɓarawon yake?"

"Wane ɓarawo, Gwaggo?"

"Atis ɗin naka! Waƙar da uwata Ya Fanne ta yi mini ranar lallena ya ɗauke. Kaf! Har tarin da ta yi a tsakiya bai bari ba."

"Gwaggo, ai ita ce. Muryarta ce. Babu wani Atis."

"Babu shi, ya aka yi sunansa ke kai? Ka kawo shi, ko ka cire wayata daga randar nan taka. Mace ta mutu, a bi ta a ƙwace mata waƙa?"

Ta kashe. Sau huɗu ya kira, ba ta ɗaga ba. Nan dariya ta ƙare masa, don a duniya wannan kaset kaɗai ke ɗauke da muryar kakarsa, ga shi da hannunsa ya miƙa wa wani ƙato da ba a haifa ba.

Washegari ya rufe shago ya hau motar Nguru. Ya durƙusa gaban Gwaggo, ya buɗe wayarsa, ya goge Atis daga kan waƙar, ya rubuta Ya Fanne. Ikilima ta karanta mata da ƙarfi. Gwaggo ta sa aka maimaita sau uku, ta share ido da bakin mayafi.

"To, saura na sauran mutane."

Kwana goma sha ɗaya ya yi a Nguru. Yakan kunna, tsofaffi biyar a kan tabarma su saurara. "Wannan Yuguda mai algaita ne." "Ƙarya kike, Yuguda bai taɓa yin daɗi haka ba." Kullum dukiyar Atis na raguwa: ɗari huɗu, ɗari da sittin, talatin.

Aka tsaya a kan kaset tara. Waɗannan babu wanda ya gane muryar. Mu'awiya ya ce zai kai su Gashua a tambaya.

"Bar masa," in ji Gwaggo. "Waɗannan kam nasa ne. Ashe da ya tsaya a kan nasa, yana da murya."