Na Karanta Otal, Na Sami Aiki a Asibiti

Ranar da na gaya wa Baba cewa kwaleji ta ɗauke ni karatun harkar otal da saukar baƙi, yana zaure yana duba littafi. Bai ko ɗago kai ba.

"Otal?" ya ce. "’Ya mace? Me mutanen Madabo za su ce?"

A unguwarmu, in an ambaci otal, ba abin kirki ke zuwa ran mutane ba. Gwaggona, yayar Baba, ita ta shiga maganar.

"Malam, ka manta kakanmu mai masauki ne? A gidan nan fatake ke sauka, a ba su ci da sha, a tsare musu kaya. Sana'ar gida yarinyar nan za ta koyo."

Baba ya ci gaba da duba littafinsa. Amma ranar rajista shi ya raka ni da kansa.

Karatun ya fi yadda na zata wuya. Mun koyi shimfiɗa gado, da jera tebur, da yadda ake sauraron baƙon da ya fusata ba tare da an katse shi ba. Akwai wata malama da ke duba mana farce kafin mu shiga kicin. Sau biyu tana mayar da ni, har na tsane ta.

Da na gama, na zaga manyan otal-otal na bayan ganuwa da takarduna. Kowa sai ya ce, "Za mu kira ki." Na shafe watanni a gida ina soya wa maƙwabta cincin na biki da suna.

Wata safiya sai ga wayar malamar nan. Ta ce wani ƙaramin asibitin kuɗi a wajen Ƙofar Dawanau yana neman mai kula da abinci da shimfiɗar marasa lafiya, kuma ta riga ta ba da sunana.

"Malama, ni fa otal na karanta."

"Ki je ki gani tukuna. Mara lafiya ma baƙo ne."

Na je ba da son raina ba. A satina na biyu aka kwantar da wani dattijo ɗan asalin Barno, kwana uku yana ƙin abinci. Na zauna kusa da ’yarsa na tambaye ta me yake so a gida. Ta ce burabusko da miyar kuka. Na nemi izinin likita, na shiga kicin na dafa da hannuna, na rage gishiri.

Ya ci loma biyu, ya tsaya ya dube ni.

"’Yar waye ke?"

Na gaya masa. Ya cinye, ya sa mini albarka har ’yarsa ta fara share hawaye.

Yanzu mutum shida ke aiki a ƙarƙashina. Kowace sallah nakan kai wa malamar dambun nama, ita kuma ta tsare ni da hira sai an kira la'asar.