Hoton Mamacin da Na Raya Shekara Shida

A shekarun da zan ba ku labari, ni saurayi ne mai ji da kansa a Nguru, ɗan gidan 'yan kasuwar hatsi waɗanda kakanninsu suka zo daga Kano. Mahaifina ya so in zauna a rumfa ina auna gero, ni kuwa na rataya kyamara a wuya na shiga gari. Ranar kasuwar Jajimaji ina can, lokacin sanyi ina Dagona kwance cikin ciyawa ina jiran tsuntsayen ruwa su tashi, wani lokaci in bi motar kifi har Legas don kawai in ɗauko gada da teku. Abin da ya fito da ni shi ne wata dabara: in rufe rabin idon kyamara da baƙar takarda in ɗauka, in hana fim juyawa, in rufe ɗaya rabin in sake ɗauka. Sai mutum ya ga kansa yana miƙa wa kansa hannu. Samari suna cewa aljanu gare ni, ban taɓa musawa ba, don daɗi nake ji.

Wata rana a Gashuwa wani dillalin bandar kifi ya ja ni gefe. Ya ce ƙanensa masunci ne, ya tafi Tafkin Chadi shekara uku ke nan babu labari, sai kwanan nan wanda suka tafi tare ya gaya masa kwalekwalensu ya kife tun damina ta farko, ba a ga gawarsa ba. Ya ce mahaifiyarsu na kwance, idan ta ji wannan ba za ta kwana ba. Abin da yake so shi ne hoto guda da zai nuna ƙanen yana raye a wani gari mai nisa, tsohuwa ta gani ta samu natsuwa kafin ta cika, tunda kowa ya ɗauka kwanakinta kaɗan suka rage. Ya miƙo mini wani tsohon hoton mamacin. Wallahi ban yi tunanin zunubi ba, tunanin aikin na yi. Ban ma tambaya ko mutumin ya bar iyali ba.

Kwana huɗu na yi a kansa. Na zaɓi wani hoton bakin gada da na ɗauko a Legas, wanda inuwarsa ta faɗi gefe ɗaya da ta fuskar mutumin, na yanke mutumin daga tsohon hoton da reza na ɗora a kai, na yi masa ɗan gemu da bakin fensir, na sake ɗaukar su tare. Da fuskar ta fara fitowa cikin ruwan wankin hoto sai da na yi wa kaina tafi. Dillalin ya kai gida ya ce wani direba ne ya kawo.

Tsohuwa ba ta rasu ba. Hoton nan ya tashe ta, ta fara cin abinci, har tana fita tsakar gida. Da Sallah ta zagayo sai ga dillalin a shagona, wai tana tambaya me ya sa ba a sake aiko wani ba. Na yi na biyu, na sa masa sabuwar hula. Na yi na uku, na cika masa kumatu kaɗan, don a ga yana cikin daɗi. A lokacin ne abin ya fara damuna. Ko wa nake wankewa, amarya ce ko tsuntsu, kafin hoton ya gama fitowa sai in ga kamar idanun mutumin ne ke tasowa daga ƙarƙashin ruwa suna dubana. Na fara barin ƙofar ɗakin wankin a ɗan buɗe, har haske ya ɓata mini aikin mutane ba sau ɗaya ba.

A shekara ta huɗu wata mata ta yi sallama a shagona tare da kawunta. Ta kwance bakin mayafi ta fito da hoton farko. Ta ce mijinta ne, 'ya'yansu biyu, kuma tana dab da zuwa wurin alƙali a raba auren ne hoton ya iso, sai ta fasa, don ba za ta bar mutumin da ke raye ba. An gaya mata ni mai yawo ne, ko na san wurin da ke bayansa? Na ɗauki hoton da hannuna ya ƙirƙira ina jujjuyawa kamar yau na fara ganinsa, na ce mata Legas ce. Daga baya na ji ta sayar da awakinta, kawun ya tafi ya yi wata guda yana nuna hoton a tashoshi da kasuwannin kifi, ya dawo hannu wofi. Har yau in na tuna yadda ta yi mini godiya ta sa mini albarka, sai in ji kunyar kaina.

Na je na samu dillalin na ce mu faɗi gaskiya. Ya ce in rufa masa asiri, yanzu in ya yi magana da wane ido zai dubi uwarsa? Na bar maganar a nan, don ni ma tsoron nake ji.

Shekara shida tsohuwa ta yi bayan hoton farko. Abin da ba mu hango ba shi ne, murnar da ta yi ta koma ɓacin rai. Ga ɗanta yana ƙiba, yana sauya hula, amma ko wasiƙa bai rubuto ba, ya bar mata da yara a wulaƙance. Ranar da za ta rasu, a gaban mutane, ta ce a ɗauke hotunan daga ɗakinta, kuma duk wanda ya ga ɗan nan nata ya gaya masa ba ta yafe ba. Dillalin yana tsaye a wurin. Ya buɗe baki ya faɗi gaskiya a lokacin da ba ta ƙara jin komai.

Bayan sadakar bakwai na je gidan na faɗa wa matar komai. Ba ta zage ni ba, da ta zaga da na fi samun sauƙi. Ta ce shekarunta da muka ci ta bar mu da Allah, amma in gaya mata, mutumin da ya rasu yana nemo wa uwarsa abinci, wanda shekara tara ba wanda ya ce Allah ya jiƙansa, wa zai je ya warware maganar da ta yi a kansa?

Na ajiye kyamara tun kafin waya ta kashe sana'ar. Yanzu ina ganin yara suna yi da yatsa ɗaya abin da nake kwana huɗu a kansa, suna dariya, sai in tuna da masuncin nan. Ina roƙon masu wannan aiki, idan an kawo muku fuskar mutum, ku tambayi wa zai gani, kuma me zai gina a kai. Kada tausayi ya sa ku ɓoye wa kowa mutuwar nasa. Da mun faɗa wa tsohuwar nan gaskiya, da kuka za ta yi ta yi wa ɗanta addu'a. Mu muka hana ta, kuma su biyun da ya kamata in nemi gafararsu duk suna ƙarƙashin ƙasa da ruwa.