Alluna uku na Baba da kwamfutar jami'a

Yau ina gyaran akwati na ci karo da katunan kwamfuta masu huji na zamanin karatuna, lokacin da kuɗin mai ke yawo. Sai dariya ta kama ni.

Aikina na kammala jami'a shi ne in koya wa kwamfuta lissafin sauya jeri: a musanya wuraren abubuwa, a sake musanyawa, ta faɗi inda kowanne ya koma. Wata biyu amsarta tana saɓa wa ta littafi. Na zo hutu gida, Dogon Daji, duk na rame.

Da na faɗa wa Baba matsalar, sai ya dakatar da darasin da yake ba almajiransa, ya sa na jera alluna uku, na rubuta masa musanya biyu a layi ɗaya. Ya bi su da hannunsa, sai ga amsar littafi.

Na ce, "Baba, yaya aka yi?"

Ya ce, "Ta dama nif fara yi. Shi injin naka daga ina shika farawa?"

"Daga hagu."

"To, mai littafin ya san ladabi. Je ka koya ma injinka."

Kati biyu kawai na canza, na ci jarrabawa.

Allah Ya jiƙan Baba, bai taɓa ganin kwamfuta ba, amma shi ya gyara ta. Ku fa, wa ya taɓa fitar da ku ta inda ba ku zata ba?