Dakta Ra'afat da Ruwan Mutanen Wutsiya

Shekara ashirin da shida muka yi da Dakta Ra'afat Shinnawi a ofis ɗaya, tebur na kallon tebur, a jami'armu ta lardin Sharƙiyya. Fanninmu ɗaya: tsara aiki da lissafi, wato yadda za a jera motoci ko injina ko masu bin layi don kada lokaci ya tafi a banza. Ni na zama farfesa ina ɗan shekara arba'in da biyar, da rubuce-rubucen da ko ni ba na iya karantawa sau biyu. Shi kuwa har ya kai hamsin da takwas yana mataimakin farfesa. Ba wai ba shi da kai ba ne. Mutum ne da in ya rubuta shafi ɗaya sai ya yi wata yana tuhumarsa, abin har haushi yake ba ni.

Kwamitin ƙarin girma bincike biyar yake so, shi kuma huɗu gare shi. A shekara sittin ake ritaya, wanda ya fita bai kai farfesa ba kuwa ya fita ke nan.

Na biyar ɗin a ƙauyensu ya ɗauko shi, Kafr Sallum. Magudanar ban-ruwa ɗaya ce ke shayar da gonaki tamanin, ruwa ya zo kwana biyar, ya ɗauke kwana goma. Na bakin magudana su sha su ƙoshi, na wutsiya, wato can ƙarshenta, masararsu ta bushe a tsaye, kuma a wutsiyar gonar wansa Alhaji Mitwalli take. Ra'afat ya yi wata takwas yana lissafi, ya fito da jadawali: wane ya buɗe ƙarfe kaza, ya toshe ƙarfe kaza. Ya tara manoma bayan sallar Juma'a ya karanta musu. Kowa ya dafa ƙirji.

"An gama, Dakta. A kanmu, a idonmu."

Daga nan duk Juma'a sai ya hau motar haya da sandar awo da littafi, ya bi magudana daga baki har wutsiya yana auna zurfin ruwa. Ikon Allah, ruwa ya fara kaiwa wutsiya. Shekara ta zagayo, wata mujalla ta ƙasar waje ta karɓi binciken, saura bugawa. Ya shigo ofis da wasiƙar. Na yi masa murna har zuciya.

Wansa ya ce a zo a ci agwagwa, ni ma na bi. Mun ci, an kawo fatir, wato gurasa mai mai, da zuma, ana dafa shayi, sai Ra'afat ya ce yana so ya ga yadda takardar jadawalin ta ji jiki a hannun manoma.

"Ji jiki?" in ji Alhaji Mitwalli. "Allah ya kiyaye! Gilashi muka sa mata, tana rataye a zauren dagaci."

"To da me kuke duba lokacin buɗe ruwa, Yaya?"

"Duba me? Kai ma dai, karatu ya cinye maka kai. Wa zai tsaya kallon agogo ruwa na wucewa? Yadda Baba yake yi haka muke yi."

"Amma kun ce an gama."

"To me za mu ce? Dakta guda, ɗan garinmu, ya taso tun daga birni, mu ce masa a'a a ƙofar masallaci? Ba a haife mu haka ba."

Ra'afat ya ajiye kofinsa. Ya tambaya, in haka ne, yaya aka yi ruwa ya kai wutsiya.

Alhaji ya yi dariya har da tari. "Kunya, ƙanina! Abdul'ati da 'yan'uwansa na bakin magudana su ke wuce rabonsu tun kaka da kakanni. Da suka ga kana rubutu a littafi, sai suka ce sunayensu kake kai wa hukuma. Yanzu ko jakinsu ba ya shan ruwan da ba nasa ba."

A hanyar komawa na yi ta yi masa magiya. Na ce alƙaluman gaskiya ne, ruwa ya kai, wa zai taso daga Turai ya leƙa zauren dagaci? Na ce bari ya bugu, ka zama farfesa, daga baya ka yi gyara. Da muka sauka sai ya juyo gare ni.

"Nazmi, na rubuta cewa jadawali ne ya kai ruwan. Ba shi ba ne."

Washegari ya aika wa mujallar cewa ya janye. Na ba shi shawarar ya rubuta abin da ya faru ɗin, ya ce wannan ba lissafi ba ne, ba fanninsa ba ne. Wallahi da na samu iko da na shaƙe shi. Lokacin da ya rage masa bai isa wani sabon bincike ba, irin nasa dai. Ya yi ritaya yana mataimakin farfesa, aka yanka kek a sashenmu, shugaban sashe ya yi jawabi ya kira shi abin koyi, kowa ya watse.

Bara na kai masa ziyara ranar Juma'a, matarsa Sitti Ihsan ta ce ai yana ƙauye, kullum haka, da ciwon gwiwar da komai. Na bi shi. Na same shi a bakin magudana da kwat ɗinsa mai ruwan toka, yana tsoma sanda a ruwa, yana ɗagowa, yana duƙawa kan littafi. Abdul'ati na can gefe ya riƙe fartanya, yana gaishe shi da ladabi kamar ya ga alƙali.

Na karɓi littafin don in ga abin da yake tarawa. Na buɗe farko, na buɗe tsakiya, na buɗe ƙarshe. Fari fat, ko ɗigo babu.

Ya fizge shi daga hannuna, ya rage murya.

"Rufe mana, Nazmi. Masarar wutsiya ta fara goyo."