Tsakuwa a Cikina, Ummi Tana Sifen

Salamu alaikum 'yan uwa. Na san na ɓace muku. Tun rasuwar Inna ban ƙara rubuta komai a nan ba. Masu aiko saƙo ina gani, bakina ne ya yi nauyi. Yau dai ga ni, da labari.

Ku da kuka san mu kun san muna zaune a Gharrafa, ƙasar Qatar, Abban Ummi yana aiki a kamfanin gas. Ummi ita ce babbar 'yata, sunan Inna ta ci. Tana jami'a a nan Doha tana karatun zanen gine-gine. Bana makarantarsu ta zaɓe ta cikin waɗanda za su je Sifen karatun hutun bazara, su ga tsofaffin gine-gine da idonsu. Yarinyar nan ta sha wahala kafin ta samu. Ni na daka mata yaji na yi mata dambun nama, ta tafi tana tsalle.

Ba ta daɗe da tafiya ba ciwon ya fara. Ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, in na ci abu mai maiƙo sai ya murɗe har baya. Kowa ya ce tunanin Inna ne. Ni ma na yarda. Na jiƙa kanwa na sha.

Da ya matsa Abban Ummi ya kai ni asibiti. Ba na jin Turanci sosai, shi yake faɗa wa likita abin da na ce. Likita ya tambayi ya nake ji, na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Me zan ce? Haka aka koya mana. Shi kuma bawan Allah ya isar kamar yadda na faɗa. Aka ba ni maganin gyambon ciki muka dawo.

Ranar da na koma, ɗauka ta aka yi. Zazzaɓi, amai, idona ya yi rawaya.

A nan Allah ya haɗa ni da Sista Saratu, nas ce 'yar Jos. Ta ji ina ce wa likita da sauƙi ina riƙe da gado. Ta ce, "Maman Ummi, ki bar da sauƙin nan a bakin ƙofa tare da takalminki. Ina ne ke ciwo? Nuna da yatsa." Na nuna. Ta juya ta yi wa likita bayani, har ya yi dariya ya ce, "Khalas, shi ke nan, daga yau yatsa za mu riƙa tambaya."

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Tsakuwa ce a matsarmamata, ta kumbura, sai an cire. Aka sa min ƙarin ruwa, aka hana ni ko kurɓar shayi. Katin lafiya ya ɗauke yawancin kuɗin, abin da muka biya bai taka kara ya karya ba. Tsoro ne dai babu katin da ke ɗaukarsa.

Abban Ummi ya ce kada a faɗa wa Ummi, za ta baro karatun. Ni kuwa sai na tuna baya. Lokacin ciwon Inna kullum na kira Zariya sai a ce da sauƙi. Ita ma ta karɓa ta ce da sauƙi. Ina nan ina shirin zuwa da sallah aka kira ni an riga an kai ta. Ba na riƙe da kowa, don su tausaya min suka yi. Amma ba zan yi wa 'yata haka ba.

Na kira ta ta bidiyo, na nuna mata allurar da ke hannuna.

"Mama, gobe zan taho."

"Ki taho ki yi me? Ke ce likitan?"

"Ke ma fa haka Inna ta ce miki."

Wannan ta same ni. Muka yi kukanmu. Sannan na ce, "Ga alkawari. Komai likita ya faɗa za ki ji, daga bakin Sista Saratu, ba daga nawa ba. In ta ce ki taho, ni zan sa Abbanki ya saya miki tikiti. In ba ta ce ba, ki zauna ki gama." Ta yarda, da ƙyar.

Aka yi aikin lafiya. 'Yan huda ƙanana ne kawai a cikina. Suka ba ni tsakuwar a kwalba, Abban Ummi ya ce da ma ya san akwai abin da ke sa ni taurin kai.

Likita ya ce sai na riƙa tafiya. Ni kuwa ƙafa ta ƙi. Sai Ummi ta ɓullo da dabara. Ta kira ni tana tafe a lungunan garin da take, ni ina jan ƙarfen ƙarin ruwa a barandar asibiti. "Yalla Mama, mu je, saura kaɗan mu kai masallacin." Haka na ga wani tsohon masallaci mai ginshiƙai kamar gonar dabino, na ga bishiyar lemo a bakin titi ba mai tsinka. Ni da ban wuce aji uku na sakandare ba, sai ga ni na zaga Turai da silifas ɗin asibiti.

Ummi ta gama karatunta, ta dawo da takardar yabo. Tsarabata kuwa man zaitun, ni da aka ce in yi hankali da mai.

Na gode wa Allah. Na gode wa Abban Ummi da ya koyi dama kunu a tsufansa. Sista Saratu, Allah ya raya miki zuri'a. Matan unguwa da suka cika min firji, Allah ya biya ku.

'Yan uwa mata, ciwon da ke dawowa bayan cin maiƙo a je a yi hoto, kada a tsaya jiƙa kanwa. A gaban likita ku gode wa Allah, sannan ku faɗi inda ke ciwo.

Ku sa Inna a addu'a. Wanda kuma uwarsa ke gida da rai, ya kira ta yau ta bidiyo. Kada ya tsaya a gaisuwa. Ya ce ta tashi ta taka ya gani.